Zuwana Kumasi Wankan Jegon Kulu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a makarantar Islamiyya a tare ni, har mai kawo mana itace sai da ya tsaya a zaure ya aiko a tambaye ni ko gaskiya ne mutanen can suna goya gunki a baya. Kuma na lura labarin ya fara yin ƙiba a bakin mutane, don shekaranjiya wata ta ce mini ta ji an ce na ci maciji a Kwatano ta ƙasar Binin. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi daga farkonsa, yadda ya faru, kowa ya huta.

Kulu ce ta kai ni, 'yata ta fari. Tana aure a Kumasi ta ƙasar Gana. Mijinta Bashiru ɗan Bakura ne ta wajen uba, uban ya bi shanu zuwa can tun yana saurayi, ya zauna bai dawo ba. Kulu ta daɗe a ɗaki ba ta riƙe ɗa a hannu ba. Ciki zai shiga, mu fara murna a ɓoye, sai a bugo waya a ce ya zube. Wannan karon Allah ya sa ya zauna. A al'ada ita ce za ta zo gida goyon ciki ta haihu a ɗakina, amma likita ya hana ta doguwar mota.

Maigida ya ce, "To, ke ki tahi."

Na ce, "Alhaji, ɗiyar fari hwa. Mutane su ce na zub da kunya?"

Ya ce, "Ki bar kunyar nan Mahwara, in kin dawo ki ɗauki abinki."

Shi mahauci ne, tsayuwar shekaru a bakin teburin nama ta cinye masa gwiwa, ba ya iya doguwar tafiya. Sai ya haɗa ni da ƙaninsa Mamman, dillalin shanu a Bakura. Duk wanda ya san Mamman ya san bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Ranar da ya zo ɗaukata ya dubi kayana ya ce, "Matar Yaya, ƙaura za ki yi?" Gero ne, da kanwa, da yajin jego, da daddawa, da kilishin da maigida ya shanya da hannunsa. Sai kuma jarka guda cike da rubutu, wadda yayata ta aiko daga Maradun a bayan ɗan kabu-kabu. Malaminsu ne ya rubuta ayoyin sauƙin haihuwa aka wanke. Ita ba ta samu zuwa sallama ba, saboda yadda hanyarsu ta zama.

Na ce wa Mamman ni tsorona ƙasashen Faransa, ba mu jin maganarsu. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni da nika shiga Maraɗi kamar gidanmu? Hwaransanci ba ya gagarata."

Sai da rana ta fito sosai muka tashi daga tashar Talata Mafara, don yanzu ba mai sammako a wannan hanyar. Motar shiru, kowa da carbinsa, har muka wuce inda ake tsoro, sannan aka fara hira da cin gyaɗa. Muka bi ta Sakkwato da Jega, muka ƙetare kogin Kwara, muka kwana a Ka'oje gidan wani abokin cinikin Mamman. Washegari muka isa iyaka ta Tsamiya.

A ɓangaren ƙasar Binin wani ma'aikaci ya sa aka sauke kayanmu. Mamman ya gyara hula ya matsa gabansa ya ce, "Bonju, mushe!"

Ni matar mahauci, na san abin da ake kira mushe. Na ce a raina yau a kulle za mu kwana. Ashe haka suke girmama namiji a can, mutumin ma murmushi ya yi. Ya zubo wa Mamman magana mai tsawo, a nan na gane Faransancin ƙanin mijina ya ƙare tun a gaisuwa. Mutumin ya nuna jarka. Ya buɗe, ya sansana, ya tsiyaya kaɗan a murfi, ya ga ruwa baƙi ƙirin. Fuskarsa ta canza. Mamman ya koma maganar bebaye: ya yi kamar yana rubutu a tafin hannu, ya yi kamar yana wankewa, sannan ya turo cikinsa gaba ya dafa ƙugu yana nishi yana tafiya kamar agwagwa. Mutane suka taru suna kallo suna dariya. Dariyar ce ta fito da wata ma'aikaciya daga rumfa, ta leƙa jarkar ta ce da Hausa, "Kai, rubutu ne! Wa ke da ciki, kai ko ita?" Ta yi wa abokin aikinta bayani, ya rufe jarkar da kansa. Da za mu tafi ta biyo ni da 'yar gora ta ce in zuba mata kaɗan, ƙanwarta ma watanta ya tsaya. Na zuba mata, na ce Allah ya raba lafiya.

Da muka isa garin Faraku muka shiga babbar mota mai zuwa kudu. Kusa da ni wata mata ce, da 'yar yarinya a cinyarta. A bakin zanenta ta soke wata 'yar tsana ta itace, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, an ɗinka mata riga irin ta yarinyar sak. Da aka tsaya cin abinci ta sayi wake da manja, ta ba yarinyar, sannan ta lakato ta shafa a bakin 'yar tsanar. Na kau da kai na ce a raina, duniya makaranta.

Can gaba motar ta faɗa rami, abin ya suɓuce ya gangaro ƙarƙashin ƙafata. Na ɗauko shi da yatsu biyu, kai ƙasa ƙafa sama, na miƙa wa yarinyar na ce, "Ungo kayan wasanki." Matar ta yi wata irin ƙara, ta fizge, ta goge masa fuska da bakin zane, ta rungume tana jijjigawa tana rarrashi, hawaye na zuba. Motar duk aka juyo ana kallona.

Wani dattijo mai fataucin goro, Bahaushen Kwatano da ke zaune bayanmu, ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, ba 'yar tsana ba ce a wurinta. Tagwaye ta haifa, ɗayar ta rasu. Su nan in haka ta faru sai a sassaƙa wannan a madadinta. A yi mata wanka, a ba ta abinci, duk abin da aka saya wa mai rai a saya mata. Ba sa ma cewa ta mutu, cewa suke ta tafi daji neman itace."

Na ce ya roƙar mini ita gafara, ban sani ba. Ta share ido ta ce ba komai, har ta juyo da fuskar abin wajena wai mu gaisa. Sai na ce, "Sannu." Na ba mai ran kilishi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mu ma ai ba mu bar tagwaye haka nan ba. Wa ya isa ya saya wa Hassana ɗankwali bai saya wa Husaina ba? Kakata har ta rasu tana cewa in ka ɓata wa tagwaye rai tukunyarka ba za ta tafasa ba. Kuma ni kaina akwai 'yar hular wani yarona da ya koma tun yana jariri, tana ƙasan adakata. Ba na ba ta abinci, Allah ya tsare, amma ko da wasa ban taɓa tunanin yar da ita ba.

Ba a jima ba Mamman ya karɓe ni a abin kunya. A wani gari da ake kira Bohikon direba ya tsaya, muka ce bari mu yi azahar. Rana ta take, sai Mamman ya hango wata 'yar rumfar kwano a ƙofar wani gida. Ya ɗauki buta ya tsuguna a inuwarta, ya cire hula ya rataye a jikin wani abu da ya ɗauka turke ne. Ya kai ga wanke ƙafa sai ga maigidan ya fito yana faɗa, yara suna ta ƙyaƙyata. Dattijon goro ya ruga ya zare hular. Sai a lokacin muka dubi abin da kyau. Gunki ne na ƙasa, a zaune, da idanun wuri, an yi masa wanka da manja. Namiji ne, kuma wanda ya gina shi bai bar wa kowa shakka a kan haka ba. A nan Mamman ya rataye hularsa.

Na ja mayafi na rufe fuska. Dattijon ya ba maigidan haƙuri, sannan ya gaya mana wai shi ne mai tsaron ƙofarsu, kuma masu neman haihuwa sukan zo su zuba masa manja. Maigidan da ya huce ya faɗi wata magana yana nuna Mamman.

"Mi yac ce?" in ji Mamman.

"Ya ce tunda ka ba shi hula, bana gidanka zai cika da 'ya'ya."

Mamman ya yi tsalle baya ya ce, "A'uzu billahi! Gaya mai ya riƙe abinai. Waɗanda Allah ya ba ni ma in sun zauna cin tuwo sai na yi ta ƙirga kawuna." Ya sake alwala daga farko a tsakiyar rana, hular kuwa a aljihu ta ƙarasa tafiyar.

A Kwatano dattijon ya kai mu Zango, unguwar Hausawa, gidan ƙanwarsa. Ta karɓe ni kamar mun shekara tare, ta ba ni ɗakinta. Abincin ne dai muka yi ta kallon juna da shi. Wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar kuɓewa. Na sa hannu sai na ji abu mai ƙafafu. Na ɗago shi, ga ƙaguwa sukutum da ƙahonninta. Matar ta ce ai nan daɗin yake, ta ɓare ta tsotse. Ni na ci gefen miyar na ce na ƙoshi. To wannan ita ce macijin da aka ce na ci.

Daga nan hanya ta bi bakin teku, ruwa iya ganinka. Muka ratsa Togo kafin in gama gyangyaɗi, muka shiga Gana, muka canza mota a Ankara babban birninsu, sai Kumasi.

Bashiru ya tarye mu a tasha, ya durƙusa har ƙasa. Gidan da suke haya babban gida ne mai ɗakuna a zagaye, kowace ƙabila akwai. Kulu ta fito da ciki ya yi gaba, ƙafafu a kumbure. Na yi niyyar in daure fuska yadda aka saba, amma da ta ce "Inna" ta faɗa jikina, sai na ji ni ma ina kuka. Muna cikin haka wata ƙatuwar mata ta fito daga ɗakin kusa, ta rungume mu duka biyun, ta ce, "Kai ne uwan Kulu? Ka zo lafiya!" Na waiga ina neman namijin da take wa magana. Kulu ta raɗa mini cewa haka Hausarsu take a can, kowa "kai" ne. Wannan ita ce Maame Akosuwa, mai gidan, Ba'ashantiya, Kirista. Ranar ta daka mana sakwarar rogo da ayaba, ta tsaya a kaina wai ba a taunawa, haɗiyewa ake yi.

Bayan na huta na shiga gyara ɗakin Kulu. A cikin akwatin kayan jariri, ƙarƙashin zannuwa, na ci karo da wani abu na baƙin itace. Kansa fale-fale a zagaye kamar faifai, wuya dogo, da 'yan hannuwa a miƙe, an ɗaura masa jigidar tsakiya a ƙugu. Na kira Kulu na rufe ƙofa.

"Mi na na wanga? Garin neman ɗa za ki sai da imaninki?"

Ta ce, "Wallahi Inna ban taɓa roƙonsa komi ba. Maame ta ba ni. Su nan mai neman haihuwa goya shi take yi a baya kamar jariri. Ni ban goya ba, na dai ɓoye."

"Ki maida mata."

Ta fara hawaye. Ta ce, "Inna, duk ɓarin da na yi ita ta kai ni asibiti. Ita ta wanke mini zannuwa. Da wane baki zan ce mata ba na son abinta?"

Na ce to ni zan kai. Na naɗe shi a ɗankwali na tafi ɗakin Maame, ina ta tsara maganar da ba za ta ɓata zumunci ba. Na gaishe ta, na gode mata, na ce addininmu bai yarda a ajiye irin wannan da nufin neman ɗa ba. Ina jira ta yi fushi, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

Ta ce, "Hajiya, fastonmu ma ya ce in ƙona shi! Na kakana ne. Shi ya goya, ya haifi uwana. Ni na san Allah ne yana ba da yaro. Amma Kulu yana zama shi kaɗai yana kuka, na ce bari ya samu fuska mai kyau yana kallo, yaron ya zo da kyau. Ku ba ku da irin wannan?"

Na buɗe baki zan ce ba mu da shi, sai na tuna yadda muke hana mai ciki kallon biri, da yadda ake sa wa ɗan wabi suna Ajuji ko Bawa wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Na gaya mata. Ta ce su ma haka suke yi, har suna marar daɗi ake ba yaro don kada ya koma. Ta karɓi abinta ta ajiye a kan kabad kusa da hoton mijinta, ta ce, "Kai ka ba shi ruwan malam, ni in ba shi ƙwai. Wanda Allah ya ji." Tun daga ranar kullum da safe Kulu na shan rubutu daga hannuna, ta ci dafaffen ƙwai daga hannun Maame, don su ƙwai abin albarka ne a wurinsu.

Naƙuda ta tashi ranar wata Talata da hantsi, Bashiru da Mamman suna kasuwar shanu. Maame ta fita titi da zane ɗaya a ƙirji ta tsaida tasi da faɗin jikinta. A asibiti aka shige da Kulu, aka bar mu a kan benci. Azahar ta yi, la'asar ta kawo jiki. Wata nas ta fito da gudu ta koma da wata, ba wadda ta dube mu. Ina jan carbi har ina tsallake 'ya'yan. Maame ta rufe ido tana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ban san lokacin da ta kama hannuna ba.

Sai nishin Kulu ya tsaya. Muka saurara. Shiru. Na san wannan shirun, na taɓa jin sa a ɗakina. Na ce, "Ya Allah, kada ka maida yarinyar ga hannu wofi." Muna jin ana bubbuga wani abu a ciki, ana magana da sauri. Sannan wata 'yar murya ta fito, siririya kamar ta mage, ta tsaya, ta sake fitowa da ƙarfi. Maame ta ɗaga ni sama cak, ni da nauyina, tana juyi da ni a gaban mutane. Mace ce. Cibiya ce ta naɗe mata wuya, Allah ya kuɓutar.

Wankan jego kuwa sai da aka yi sulhu. Na dafa ruwa da ganyen darbejiya yana tururi, Maame ta ga na fara fyaɗa wa Kulu sai ta yi ihu wai zan dafa mata yarinya. Likita kuma ya ce a rage kanwa a kunu. Na rage zafin ruwan kaɗan, na rage kanwar, amma yaji da ƙauri ban rage ko kaɗan ba. Ƙafafun saniyar da aka yi ƙaurin da su kuwa Mamman ne ya zaɓo su da kansa.

Ranar suna liman ya zo, aka yanka rago, aka raɗa mata A'isha. Bayan maza sun watse Maame ta zo da ƙananan kofuna biyu. Ta ce a wurinsu tsohuwar gida takan ɗiga wa jariri ruwa a harshe, sannan ta ɗiga masa giya, ta ce masa in ka ce ruwa ne, ya zama ruwa ne, in ka ce giya ce, ya zama giya ce, don ya tashi yana faɗin gaskiya. Ta ga na zaro ido, ta ce, "Kwantar da hankali, Hajiya, zuma na sa." Na ce mu ma dabino muke taunawa mu shafa masa. Ta miƙo mini kofunan ta ce ni ce kaka, ni zan yi. Na yi bisimilla na ɗiga ruwan, yarinyar ta yamutsa fuska. Na ɗiga zuman, ta kama yatsana da baki ta ƙi saki. Matan gidan suka ɗauki guɗa, kowa da irin tasa.

Maame ta karɓe ta ta ce, "Abena, ka zo lafiya."

Na ce, "A'isha dai."

Ta ce, "A'isha na malam ne. Wanda aka haifa ran Talata, Abena ne a nan."

Na ce, "Ashe Talatu kuke nufi! Ai ni daga garin Talata na taso takanas don in tarye ta."

Na zauna har Kulu ta yi arba'in sannan muka kamo hanya. Yarinyar dai na baro ta da suna uku, kuma ko ɗaya ba ta amsawa sai an nuna mata zuma. Wadda ba ta yarda da abin da na faɗa ba ta je Bakura ta tambayi Mamman, amma don Allah kada ta ce ni na gaya mata zancen hula.